Bushiyar Hashimu

A Tanut, idan baƙo ya tambayi Hashimu ɗan Mailafiya, sai mutane su yi ta kallon juna. Idan kuwa ya ce Hashimu Mai Bushiya, ko akuya ta san hanya: butik ɗin nan, wato shago, mai ƙofar kwano da ke fuskantar kasuwar dabbobi. Hashimu bai taɓa kiwon bushiya ba, hasali ma ƙyamarta yake ji. Sunan ya same shi ne daga wata ƴar leda da ya kwashe rabin rayuwarsa yana sayarwa, mai ɗauke da jan garin da ake cuɗa irin gero da shi kafin shuka, don kada tururuwa da gara da tsutsar ƙasa su riga mai gona cin abinsa. A jikin ledar akwai hoton bushiya ta dunƙule. Daga Gangara har Belbeji ba wanda ya san garin da wani suna. Manomi zai leƙo ya ce a ba shi mai bushiya, shi ke nan ciniki ya ƙare.

Kamfanin da ke yin garin kuwa, Hashimu bai taɓa ganinsa ba. Ya san shi ne kamar yadda mutum ke sanin kawun da ya tafi Makka tun kafin a haife shi ya ƙi dawowa, wato ta hanyar aike. Duk shekara sai hula mai baki, da kalanda mai hoton wani Bature yana dariya cikin masarar da ta fi shi tsawo. Abin da kawai ya lura shi ne kawun nan ba ya zama da suna ɗaya. Da farko Halbek ne. Aka wayi gari ya zama Halbek-Morino. Can kuma Halbek ɗin ya ɓace, aka bar Morino shi kaɗai kamar gwauro. Duk sa'ad da sunan ya sauya sai a turo mai fenti ya shafe bangon butik ya rubuta sabo, har matarsa Zalika ta ce ko ginin ya faɗi fentin zai tsaya da ƙafarsa. Ba wanda abin ya dama, tunda kowane mai fenti yana gama rubutu sai ya mayar da bushiya mazauninta.

Bana da bazara aka kira masu sayar da kayan kamfanin zuwa Damagaram, wai formasiyo, wato horo. Aka zaunar da su a wani ɗakin otel mai sanyin da ya sa Hashimu ya yi ta jan hannun rigarsa. Wadda ta tsaya a gabansu wata yarinya ce ƴar Birni mai suna Radiya, wakiliyar kamfanin, wadda a haife ya haife ta. Ta haska hotuna a bango, ta ce za ta ba su tarihin gidan da suke wa aiki.

Wai asalin kamfanin marina ce. Wani Bature ne a bakin wani kogi, shekaru fiye da ɗari da suka wuce, yana rina tufafi, sai ya lura ƙwari ba sa taɓa zanen da aka tsoma a wata tukunya tasa. Nan Hashimu ya gyara zama, ya ji daɗi. Ashe dangin marina ne, shi ya sa garin yake ja. Daga nan kuma zaren ya kuɓuce masa. Marinar ta haɗu da masu maganin mutane, suka rabu, aka raba gida uku. Aka sayar da ɗaya ga mutanen Amirka, shi kuma ya yi ƙarfi ya dawo ya saye gidan da ya fito daga ciki. Yanzu dukansu na waɗansu mutanen gabas ne, amma babban ofishin yana wata ƙasa da ba ɗayansu da ke kwana cikinta. Shi kuwa garin, a wata ƙasa ake daka shi, a ƙunsa shi a wata, a rubuta masa Faransanci a wata. Radiya ta yi ta jan kibiyoyi daga wannan suna zuwa wancan, har bangon ya koma kamar sawun kaji a bakin rijiya.

Ƙarshen kibiyoyin duka, ta ce, shi ne sabon suna, Oriyanta. Ta ɗaga sabuwar leda, fara tas, da wani koren ganye a tsakiya. Hashimu ya leƙa gaba, ya jira ta juya bayan ledar, sannan ya ɗaga hannu kamar ɗan lakwal a gaban malamar aji.

"Madam, bushiyar fa?"

"Baba, bushiya ta huta."

Ta bayyana cewa an daɗe da daina buga ta, tsohon kaya ne ake ta ƙarasa sayarwa. Daga yau duk ledar da aka gani da bushiya jabu ce, kuma kamfani zai zagaya kasuwanni da jandarmomi a kwashe. Hashimu ya koma Tanut da katan-katan na mai ganye, da sabuwar hula, da wani nauyi a ƙirji irin na mutumin da aka sauya wa suna ba a yanka rago ba. Mai fenti ya biyo shi ya shafe bangon. Wannan karon bai mayar da kowa ba.

Sai dai bushiyar da aka ce ta huta, ba ta taɓa yin aiki irin na bana ba. Ranar kasuwa sai ga ta a kan kowace tabarma, a faifai, a bayan kekuna. Ta ƙara ƙiba, har murmushi take yi. Hashimu ya san abin da ke cikin waɗannan ledoji: jar ƙasa ce aka tankaɗe, aka zuba mata wani abu mai wari. Manoman da ya sani tun suna samari suka riƙa wuce ƙofarsa, su gaishe shi da sunan Mai Bushiya, su je su sayi bushiyar a hannun wani.

Ciniki bai dame shi kamar gida ba. Gandun mahaifinsu yana wani ƙauye kusa da Gangara, a hannun wansa Lawali. Bara ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu ya ƙare tun sanyi, an ci har abin da ba a saba ci ba. Abu ɗaya Lawali ya hana a taɓa, zangarniyar iri da ya rataye a ɗakinsa, ta ɗan gajeren geron nan mai saurin nuna da Mailafiya ya bar musu, wanda ba a samunsa a kasuwa. Abin da ya rage ba zai wuce shuka ɗaya ba. Lawali kuma ya ce binne zai yi, wato ya zuba irin cikin busasshiyar ƙasa ya kwanta yana jiran ruwan fari. Irin da zai yi kwanaki a ƙasa babu magani, tururuwa aka kai wa sadaka. Idan ya tafi, geron Mailafiya ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka Hashimu ya hau babur ɗin kabu-kabu ya nufi ƙauye da mai ganye a aljihu. Ya tarar da wansa a gindin aduwa yana ɗaure ƙotar sungumi, a gefensa kuwa ga bushiya mai murmushi, an riga an saya. Bayan gaisuwa da tambayar yara da zafi, Hashimu ya miƙa tasa ledar. Lawali ya karɓa, ya juya ta, ya latsa, kamar mai duba haƙoran tunkiya, ya tambayi mece ce wannan.

Hashimu ya ce mai bushiya ce. Lawali ya sake dubawa, ya ce idonsa dai ya tsufa amma bai kai nan ba. Dole Hashimu ya shiga ba da tarihi. Ya fara da marina, nan ya yi kyau. Da ya iso wajen aure da saki sai ya aurar da Halbek ga Amirka, ya tuna ba haka ba ne, ya raba auren, ya kawo mutanen gabas tun kafin lokacinsu, ya rasa inda zai ajiye Morino. Ya ɗauki kara yana zana kibiyoyi a ƙasa, akuya ta zo ta taka rabinsu. Lawali ya bar shi har ya gaji.

"To, a taƙaice, wa ya haifi wa?"

"Yaya, ɗan ne ya sayi uwar."

Lawali ya nemi tsari a hankali, ya tofar da goro. Sannan ya yi magana da muryar da yake yi wa Hashimu faɗa tun suna kiwon awaki.

"Kai da ƙofarka ke kallon kasuwar dabbobi, ka taɓa ganin raƙumin da ya sauya hannu aka goge masa shaidar mai shi na farko? Barinta ake yi, a ɗora sabuwa a gefe. Ka dubi cinyarsa ka san duk gidan da ya taɓa kwana. Wanda ka ga an goge masa, kai ma ka san yadda aka yi ya baro gida." Ya rage murya. "Hashimu, ni da kai ne. A ina ka samo kayan nan?"

Hashimu ya rantse kamfani ne ya ba shi hannu da hannu. Lawali ya ce shi ma kamfanin a tambaye shi inda ya samo. Sai Hashimu ya ce to a buɗe a sansana, hanci ba ya ƙarya. Aka buɗe ta kasuwa, wari ya bugi kowa har Lawali ya yi atishawa ya ce madalla. Aka buɗe mai ganye, shiru. Sai a lokacin Hashimu ya tuna Radiya ta yi alfahari da cewa an cire wa sabon garin wari. Ya faɗa. Lawali ya ce to, babu shaida, babu wari, sai kuma me aka cire?

A hanyar komawa, yana riƙe da kafaɗar ɗan kabu-kabu, Hashimu ya kama kansa yana tambayar kansa abin da bai taɓa tambaya ba. Shi kansa me ya sani game da garin nan? Bai ga marinar ba, bai ga mai dakan ba. Shekara da shekaru abin da ya sani bushiya ce, kamar kowa. Ya iso gida bai tabbatar ko shi ne mai gaskiya ko shi ne aka fara cuta ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne ya taɓa ganin wani mai sayar da ta kasuwa yana tankaɗe jar ƙasa a bayan tasha, bai taɓa ganin Radiya tana yi ba.

Washegari yana zaune a ƙofar butik, wani Buzu ya durƙusar da raƙumi a gabansa. A cinyar raƙumin shaidar wuta ce jere, tsohuwa ta dushe, ta bayanta ta fi fitowa, ta ƙarshe ko gashi bai gama rufe ta ba. Hashimu ya daɗe yana kallon cinyar nan, har mai raƙumin ya tambaye shi ko saye zai yi. Hashimu ya tashi ya nufi bakin meri, ofishin magajin gari, inda wani Abdulgafar ke sassaƙa hatimi da tsohuwar taya.

Abdulgafar ya ce zai yi masa hatimin bushiya, amma sai ya ga samfuri, don shi bai taɓa tsayawa ya kalli bushiya a fuska ba. Ta bango an shafe, tsohuwar leda ko ɗaya ba ta rage ba. Ba yadda Hashimu ya iya, ya rufe fuska da hular kamfani ya je ya sayi jabu guda a kasuwa, aka kwafa daga jikinta har da murmushin. Abin da ya fito daga tayar ya fi kama da soson wanka mai ido. Zalika ta duba ta ce in an tsaya daga nesa, kuma an riga an gaya wa mutum, bushiya ce. Ta ƙara da cewa ta ga masu yi wa ƙarya kwalliyar gaskiya, amma mijinta ne na farko da ta ga yana yi wa gaskiya kwalliyar ƙarya. Duk da haka ita ta riƙe masa ledojin yana bugawa, bushiya a gefen ganye, tsohon mai shi da sabon mai shi.

Abin ya karɓu fiye da yadda ya so. Manoma suka duba suka ce yauwa, yanzu aka san asalinta. Labari ya kai Gangara, Lawali ya aiko cewa zai shigo ranar kasuwa ya gani da idonsa, don hadari ya fara leƙowa daga gabas, binne ba zai ƙara jira ba.

Ranar kasuwa da hantsi Lawali ya zo, ya zauna a bencin butik, ya baje babbar rigarsa, aka ba shi ledoji yana nazari. Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Yana cikin haka wata farar mota ta shigo gari. Tun tana tasha masu tabarma suka naɗe, kafin ta iso kasuwa babu bushiya ko ɗaya a fili daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Mutum ɗaya ne bai gudu ba, don a saninsa ba shi da abin ɓoyewa. Motar ta tsaya a ƙofarsa, Radiya ta fito da jandarma a bayanta.

Ta gaishe shi da fara'a, ta ce ta zo wurin mutuminsu ne ta huta da ganin jabu. Sai idonta ya sauka a kan kanta. Ta ɗauki leda guda, ta ɗora wayarta a kan ƴan baƙaƙen ɗigon da ke bayanta, wayar ta ce kayan kamfani ne na gaske. Ta juya gaban ledar. Ta sake juya bayan.

"Baba Hashimu, mene ne wannan?"

"Bushiya ce, Madam."

"Na ga tana ƙoƙari. Wa ya sa ta nan?"

Ya ce shi ne. Ya shiga bayanin raƙuma da cinya da shaidar wuta, yana yi yana satar kallon wansa, don ya san idan yarinyar nan ta buɗe baki ta ce bushiyar ƙarya ce, Lawali zai tashi ya koma wa jar ƙasarsa, geron Mailafiya ya zama abincin tururuwa. Radiya ta saurara har ƙarshe, ta dafe goshi. Ta ce an koya musu yadda jabu ke kwaikwayon na gaske, amma ba wanda ya gaya musu abin da za su yi idan na gaske ya kwaikwayi jabu. Jandarman ya ce shi ba ruwansa da abin da waya ta ce. An ce masa duk leda mai bushiya a sa ta a mota, wannan kuma, da ɗan haƙuri, bushiya ce. Ya fara ɗibar katan-katan, ya karɓi hatimin tayar ya sa a aljihu.

Sai Lawali ya yi gyaran murya daga kan benci.

"Ƴata, ke ce mai kayan nan?"

Ta ce ita ƴar aikensu ce.

"Kin duba kin shaida naku ne?"

"Namu ne, Baba. Abin da ke ciki namu ne, sai dai..."

"Ya isa, Allah ya yi miki albarka."

Ya juya ya gaya wa ƙanensa, ba tare da ya rage murya ba, cewa ya janye zarginsa. Dabbar da mai ita ya biyo sawunta tun daga Damagaram, ya duba ya ce tasa ce, ba a sake tambayar asalinta. 

Aka gama lodi. Jandarma ya ce a taɓa tsohon nan ya tashi a duba ƙarƙashin benci, Lawali ya ce gwiwarsa ba ta son gaggawa. Ya zauna daram, rigarsa a baje, sai dai wata farar kusurwar leda tana leƙowa daga ƙarƙashin cinyarsa. Radiya ta gan ta. Ta ɗaga kai ta dubi gabas, ta ce hadarin nan ba zai daɗe ba, duk mai niyyar cuɗa iri ya tuna ya sa leda a hannu kuma kada ya ci goro yana yi. Ta gaya wa Hashimu za a neme shi a Damagaram ya maimaita zancen raƙuman nan a gaban manya, ita kam ba za ta iya mayar da shi Faransanci ba. Motar ta tashi. Sai da ƙurarta ta kwanta gwiwar Lawali ta warke.

Aka yi binne. Iri ya kwanta a ƙasa kwana da kwanaki, Hashimu yana Tanut yana kallon sama da kantar da ta koma fayau. Da ruwan ya sauka, ya bari aka ɗan kwana biyu sannan ya hau kabu-kabu. Tun daga nesa ya hango gandun, tsiro layi-layi har bakin iyaka, ba gurbin da ya yi shiru. Ya tsuguna ya taɓa guda da yatsa.

Lawali ya zo ya tsaya a kansa, ya ce bushiya ba ta taɓa ba su kunya ba. Hashimu ya ce ganye dai, Yaya. Ya tambaya ina aka zubar da ta kasuwar, don kada yara su yi wasa da ita.

Lawali ya ce wace zubarwa, abin da ya saya da hannunsa? Ai haɗa su ya yi a ƙwarya ɗaya, mai murmushi da mai kama da soso, ya cuɗa irin da su duka. Ɗaya ta kawo wari, ɗaya ta kawo asali.

"Ba kai ka ce min haka su ma suke yi a can ba? Wannan ya auri wancan?"

Hashimu ya dubi tsiron, ya dubi wansa. Ya ɗauki kara zai zana masa kibiya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya tsaya yana tunanin inda za ta fara. Lawali ya ce in ya gama riƙe karan ya ajiye, ga hauya can, ciyawa ma ta ji ruwan.